Bangon da Ke Tare Ƙasa: Abin Dubawa Kafin a Yi Ciko

Duk wanda ya san Kafanchan da kewayenta, daga gindin duwatsun Kagoro zuwa Kwoi da Gidan Waya, ya san filin gini a nan ba kasafai yake shimfiɗe ba. Mutum zai sayi fuloti a kan gangare, magini ya ba shi shawara a yanke tudun, a fitar da ɗaki ko shago a ƙasa, a ɗora gida a sama. Dabara ce mai kyau. Sai dai bangon bayan ɗakin nan ya tashi daga bango irin na sauran ɗakuna, domin tudu guda ne ya jingina da shi dare da rana.

Ƙasa tana tura bango, kuma turawar tana ƙaruwa da zurfi. Tun shekarar 1776 wani injiniyan sojan Faransa mai suna Coulomb ya fitar da lissafinta, Rankine na Birtaniya ya ƙara nasa a 1857, kuma har yau da su ake aiki. Abin da lissafin ke nunawa shi ne, idan aka ninka tsayin bango, ƙarfin turawar ninki huɗu yake yi, ƙarfin da ke neman kifar da shi kuwa ninki takwas. Saboda haka birkilan da ya ce "ai mun yi na mita ɗaya da rabi, yana nan daram" bai kawo hujja a kan na mita uku ba.

Abu uku injiniya ke fara tambaya: bangon zai kife? Zai zame gaba da gindinsa? Ƙasar da ke ƙarƙashin harsashinsa za ta ɗauki nauyin ko za ta nutse? Ba ya yarda ƙarfin riƙewa ya yi daidai wa daida da na turawa. A bisa al'ada ana son ya fi shi da rabi wajen zamewa, ya kai wajen ninki biyu a batun kifewa. Bayan nan sai ya koma kan kaurin kankare da yawan rodi.

Amma a ganina babban abin tsoro a Kudancin Kaduna ruwa ne. Damina a nan tana kamawa tun wajen Afrilu har Oktoba, ruwan kuma ya fi na Kano nesa ba kusa ba. Jar ƙasarmu da rani tauri gare ta, sai an sa diga, shi ya sa take yaudarar mai gini. A ɗauki bango mai tsayin mita 3. Busasshiyar ƙasa irin wadda aka saba gani tana tura kowace mita ɗaya ta tsawonsa da ƙarfin da bai kai tan 3 ba. Idan ruwa ya cika bayansa ya rasa mafita, ruwan kaɗai yana turawa da tan huɗu da rabi, a haɗa da na jiƙaƙƙiyar ƙasa a tashi wajen tan 6. Bango ɗaya ne, rodi ɗaya, amma a watan Agusta kayansa ya ninka. Don haka ake zuba tsakuwa a bayan bango, a shimfiɗa bututu mai huje-huje a gindinsa ya kwashe ruwa zuwa gangare, a shafe fuskar da ke kallon ƙasa da kwalta ko a manna mata ledar hana ruwa. Wannan ne kuma wurin da aka fi yin tsimi, don ba wanda zai gan shi bayan an binne.

Akwai wani kuskure da gaggawa ke jawowa. Yawancin bangon ɗakin ƙasa an lissafa shi ne a kan cewa rufin kankaren da ke samansa zai tokare shi. Idan aka kira tifa ta yi ciko kafin a zuba rufin ya yi ƙwari, bangon yana tsaye ne ba mai tallafa masa, a halin da ba a tsara shi don shi ba. Kankare kuwa sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Haka batun wurin rodi: bangon da ke tsaye shi kaɗai ya fi buƙatarsa ta gefen ƙasa, can gindi, wanda rufi ya tokare yana buƙatarsa har ta gefen ɗaki, wajen tsakiya. Rodi mai yawa a gefen da ba nasa ba asarar kuɗi ce kawai. Kuma a lulluɓe rodin da kankare mai kaurin santimita huɗu zuwa biyar, kada danshi ya kai gare shi.

Wanda ya riga ya gina, ko yake haya, yana da abin dubawa da idonsa. Tsagewar da ta tafi a kwance tare da tsawon bango ta fi 'yar siririyar da ta miƙe tsaye haɗari. A rataya igiya mai nauyi a bakinta daga sama, a ga ko bangon ya karkata ko ya yi ciki. Farin gishiri a jikinsa alamar ruwa na ratsawa ce. Jan tsatsa da ɓamɓarewar kankare kuma na nufin rodi ya fara ciwuwa. A yi wa ƙarshen tsagewa alama da fensir, a rubuta kwanan wata, a dawo bayan ruwa mai ƙarfi. A leƙa sama kuma: tankin ruwa, ramin sokawe, indararon da ke zuba a gindin gini, ko babbar motar da ake ajiyewa dab da bangon, duk kaya ne da wataƙila ba a sa su a lissafi ba.

Idan tsagewa tana ƙaruwa, shafe ta da siminti ɓoye ciwo ne. A kwashe mutane daga ɗakin, a nemo injiniyan gini mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, a nuna masa zanen da hukumar tsara birane ta KASUPDA ta amince da shi, ya gwada da abin da aka zuba a ƙasa.