Kafin Alhaji Ya Bar Gida: Shirin Da Ake Yi Wa Tafiyar Makka

Duk shekara idan watan Shawwal ya kama, za ka ji ana cewa wane da wance sun biya Makka. A Batsari ko Ruma, a Safana ko Runka, da wuya a rasa wanda kakansa, ko gwaggonsa, ko maƙwabcinsu yake cikin maniyyata. Mu yara abin da muka fi sani shi ne ranar rakiya da ranar tsaraba. To amma kafin ranar rakiyar akwai shiri mai yawa, kuma kashi biyu ne: abin da matafiyi zai ɗauka, da abin da zai bari a gida. Na biyun ne aka fi mantawa.

Yadda ake tafiya a da

Kakannin kakanninmu da ƙafa suke zuwa, ko a kan jaki da raƙumi. Su bi ta Kano da Barno, su ratsa Chadi, su shiga Sudan, har su kai bakin Bahar Maliya a Sawakin ko Port Sudan. Daga nan sai jirgin ruwa ya ƙetare da su zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, domin sai an tsaya a hanya an yi noma ko ƙwadago an sami guzuri. Wasu ba su dawo ba, shi ya sa har yau akwai Hausawa da yawa a Sudan. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ma da ya je aikin Hajji a 1921, jirgin ruwa ya bi, har ya biya ta Ingila.

Saboda haka mutumin da, idan zai tashi, sallamar ƙarshe yake yi. Ya biya bashi, ya nemi gafara, ya bar wasiyya. Yau jirgin sama kan tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina ya sauka Saudiyya cikin awa huɗu zuwa biyar. Hanya ta gajarta, amma wancan shirin yana nan daram.

Abin da za a ɗauka

Na farko takardu. Maniyyaci yana yin rajista ne ta hannun jami'in alhazai na ƙaramar hukumarsa, a ƙarƙashin Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina. Ita kuma tana aiki da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wadda aka kafa a 2006. Sai fasfo, wanda ake so ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. A duba sunan da ke kan fasfo ya yi daidai da na sauran takardu, don harafi ɗaya kan iya tsayar da biza.

Na biyu lafiya. Ana yin allurar sanƙarau da ta shawara, a ɗiga maganin shan inna, a rubuta a katin rigakafi. Ita allurar sanƙarau sai an yi ta aƙalla kwana 10 kafin shiga Saudiyya, domin jiki yana buƙatar lokaci kafin ya sami kariya. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likita, ya ɗauki maganin da zai ishe shi a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Ya kuma fara sabawa da tafiyar ƙasa tun daga gida, domin Safa da Marwa kaɗai, sawu bakwai, sun kai kilomita 3. Zafi ma ba na wasa ba ne: a Hajjin 2024 fiye da mutum 1,300 suka rasu, galibi saboda tsananin zafin rana. Lema da gorar ruwa sun zama dole.

Na uku jaka. A sa harami, da takalmi mara nauyi, da 'yan tufafi. Kada a sa goro, domin Saudiyya ta hana shiga da shi. Kada kuma a karɓi saƙon kowa a rufe, ko da na ɗan'uwa ne, don duk abin da aka samu a jakar mutum shi zai amsa.

Na huɗu ilimi. Maniyyaci ya riƙa halartar bita, ya san farillan Hajji da abubuwan da ke ɓata shi. Kuɗi masu yawa aka kashe, bai kamata a je a yi aiki da ka ba.

Abin da za a bari

Nan ne maganar ta fi shafar mu. Shekarar Musulunci ta fi ta Bature gajarta da kimanin kwana 11, don haka lokacin Hajji yana matsowa baya kowace shekara. A 2024 an yi tsayuwar Arfa ranar 15 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 5 ga Yuni. Alhaji kan yi wata guda ko fiye a can. Ke nan a shekarun nan tafiyar tana faɗawa ne daidai lokacin sharar gona, da kai taki, da saukar ruwan shuka. Damina kuwa ba ta jiran wanda ya tafi Makka. Manomin da ya tashi bai ware irin gero da dawa ba, bai faɗi wanda zai tsaya a kan shuka da noman farko ba, zai dawo da sunan Alhaji amma rumbu ya sha wuya.

Haka abincin gida. A auna hatsin da zai kai iyali har a dawo, a bar kuɗin cefane da na magani a hannun wanda aka amince da shi. Babbar Sallah za ta zo maigida ba ya nan, sai a tsara maganar layya tun da wuri. Dabbobi ma a san mai ba su harawa da ruwa.

Sai bashi da amana. Malamai suna karantar da mu cewa mai niyyar Hajji ya sauke haƙƙin mutane kafin ya tashi. A rubuta wanda ake bi da wanda yake bin mutum, a gaban shaidu. Wasiyya ba kiran mutuwa ba ce, hana rigima ce.

Akwai kuma maganar tsaro. Duk mun san halin da garuruwanmu na bakin dajin Rugu suke ciki. Kuɗin kujera a biya ta banki, kada a tara su a ɗaki. Ranar tashi ba abin shela ba ce. A kama hanyar Katsina da rana, kuma 'yan rakiya kada su yi yawa.

Namu aikin

Wani zai ce, to mu ɗalibai ina ruwanmu? Da ruwanmu. Da yawa daga cikin maniyyatanmu tsofaffi ne da ba su yi boko ba. Kai da ka iya karatu, zauna ka duba wa Kaka sunanta a kan fasfo da katin rigakafi. Ke da kika iya rubutu, rubuta wa Baba lambobin wayar gida a takarda ya sa a aljihu, ko da waya ta ɓace. A koya musu yadda ake cajin waya da amsa kira. A tuna musu cewa agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2. Sannan mu kama bakinmu: kada murna ta sa mu yaɗa a Facebook ko WhatsApp cewa maigidanmu ya tafi, gida sai mata da yara.

Hausawa na cewa shirin zaune ya fi na tsaye. Wanda ya bar gidansa a kintse, shi ne zai tsaya a Arfa hankalinsa kwance, ba ya tunanin gona ko mai bin sa bashi. Allah Ya kai maniyyatanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, mu ma Ya kira mu. Amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta