Hukuncin Ɗaurin Rai da Rai da Sakin Wanda Ya Yi Kisa

Tambaya: Daga Kumbotso nake. An kashe mana ɗan'uwa a rigimar ruwan noman rani a gonarsa ta wajen Kura, kotu ta yanke wa wanda ya kashe shi ɗaurin rai da rai. Yanzu muna jin cewa za a iya sakinsa saboda kyawun hali. Shin wannan ɗauri yana da asali a Shari'a? Kuma hukuma tana da ikon sakinsa ba da yardarmu ba?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Allah Ya jiƙan ɗan'uwanku, Ya ba ku haƙuri.

Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, ɗauri yana da asali a Musulunci. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tsare wani mutum a kan tuhuma. Sayyidina Umar (RA) kuma ya sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a Makka a kan dirhami 4,000, ya mayar da shi kurkuku. Game da ɗauri har mutuwa, Hanbalawa suna ganin wanda ya riƙe mutum wani ya kashe shi a tsare shi har ya mutu, Imamu Malik kuwa yana ganin a kashe shi idan ya san kisa ake nufi. Malamai sun kuma halatta wa shugaba ya ci gaba da tsare wanda sharrinsa ya addabi mutane har ya tuba ko ya mutu.

Sai dai asalin hukuncin kisan ganganci shi ne ƙisasi. Aya ta 178 a Suratul Baƙara da aya ta 33 a Suratul Isra'i sun sanya wannan haƙƙi a hannun waliyyan mamaci. Suna iya neman ƙisasi a gaban alƙali, ko su yi sulhu a kan diyya, ko su yafe don Allah. Asalin diyya raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, idan ɗaya daga 'ya'yan mamaci maza ya yafe, ƙisasi ya faɗi, sauran suna da rabonsu na diyya. Ko an yafe wa mai kisan, ana yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara 1, saboda al'umma ma tana da haƙƙi a kansa.

Akwai kisan da ko waliyyai ba su da ikon yafe shi a Malikiyya, wato kisan gilla: a yaudari mutum a kai shi inda babu mai ceto a kashe shi, galibi don dukiya. Misalinsa yarinyar nan 'yar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace a Kano a Disamban 2021 don kuɗin fansa ya kashe ta, aka yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Hukuncin irin wannan na 'yan fashi ne, wanda ya zo a aya ta 33 ta Suratul Ma'ida. Ɗan fashin da bai yi kisa ba kuwa, daga cikin zaɓin da shugaba yake da shi akwai a kai shi wani gari a tsare shi har tubansa ya bayyana. Ka ga nan an rataya fitarsa a kan bayyanar tuba, wannan shi ne mafi kusa da abin da ake kira sakin talala a yau.

A dokar Najeriya, hanyoyin fita sanannu ne. Sashe na 212 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba gwamna ikon afuwa ko sassauci. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba Babban Jojin jiha damar mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai idan mutum ya shekara 10 ba a zartar ba. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 kuma ta ba kotu damar sakin fursuna mai kyawun hali bayan ya ci wani kaso na ɗaurinsa, da sharuɗɗa ko ba sharuɗɗa.

To mene ne matsayin wannan a Shari'a? Idan ɗaurin ta'aziri ne, shugaba yana iya rage shi bisa maslaha, matuƙar tuba ya bayyana kuma an amince ba zai cutar da kowa ba. Sakin mutum don kuɗi, ko siyasa, ko sanayya, ha'inci ne ga amanar da Allah Ya ɗora wa shugaba. Amma haƙƙin jini naku ne, afuwar gwamna ba ta goge shi, kuma idan ba a biya shi a duniya ba yana nan har gaban Allah.

Ga abin da muke ba ku shawara. Ku fara tabbatar da labarin, domin jita-jita ba hujja ba ce. Ku haɗu ku magada ku tsaya a kan magana guda, sannan ku kai ta a rubuce ga Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Kano ta hannun lauya, ku bayyana ko kun yafe, ko diyya kuke nema, ko kuna jin tsoron dawowarsa cikinku. Ku sanya dagaci da limamai a cikin maganar, tun da gonakinku da na danginsa suna shan ruwa daga hanya ɗaya.

Idan kuma an sake shi, haramun ne wani daga cikinku ya ɗauki fansa da hannunsa, ko ya taɓa ɗansa ko ƙaninsa, ko ya lalata musu amfanin gona. Zartar da ƙisasi aikin hukuma ne, kuma ayar Isra'i da ta ba waliyyi haƙƙi ita ce ta hana shi wuce iyaka. Wanda ya yafe don Allah, ladansa yana wurin Allah. Wanda ya nemi haƙƙinsa ta hanyar da ta dace, babu zargi a kansa.

Allah ne Mafi sani.