DARIYA BA DALILI: KO TANA MAGANIN DAMUWA?

Ran 13 ga watan Maris na shekarar 1995, da sassafe, wani likita mai suna Madan Kataria ya tsaya a wani lambun shan iska na birnin Bombai, wanda yanzu ake kira Mumbai, watau birnin da ake shirya finafinan Indiya. Su biyar ne rak, har da matarsa Madhuri, wadda malamar yoga ce. Abin da ya tara su shi ne su yi dariya. Likitan yana cikin rubuta wata maƙala ne a kan amfanin dariya ga lafiyar jiki, sai ya ga ya kamata ya jarraba abin da kansa.

Da fari labaran ban dariya suke ba juna, mutane kuwa suka yi ta ƙaruwa. Amma kafin mako biyu labaran kirki sun ƙare, aka shiga na batsa da na cin fuska, har waɗansu suka ce za su daina zuwa. Daga nan ne Dokta Kataria ya kawo shawarar da ta zama tushen al'amarin duka: a yi dariyar haka kawai, ba tare da an faɗi kome ba. Hujjarsa ita ce, jiki ba ya bambanta dariyar ganganci da ta gaske, kuma idan mutane suna kallon idon juna, ta gangancin ba ta daɗewa sai ta rikiɗe ta koma ta gaske.

Yadda ake yi ba wuya. A kan yi da'ira, a tafa hannu ana cewa "ho ho, ha ha ha", sa'an nan a ja numfashi mai zurfi a sake shi a hankali. Wannan numfashi shi aka aro daga yoga, shi ya sa ake kiran abin yogar dariya. Akwai dariyar gaisuwa, akwai ta zaki, inda mutum zai zaro harshe ya ware yatsu kamar farata. Baƙon da ya ci karo da manyan ma'aikata da dattawa a cikin wannan hali ba za a ga laifinsa ba in ya yi zaton sun taɓu. Yau akwai irin waɗannan ƙungiyoyi a ƙasashe masu yawa, kuma tun 1998 ake bikin Ranar Dariya ta Duniya, wadda yanzu take faɗawa Lahadin farko ta watan Mayu.

Ba Kataria ne ya fara danganta dariya da lafiya ba. A 1964 wani editan mujalla na Amurka, Norman Cousins, ya kamu da wata cuta mai tsananin zafi a gaɓoɓi da ƙashin baya. Ya ce minti 10 na dariya har cikin ciki, yana kallon finafinan barkwanci, kan ba shi barcin awa biyu ba tare da raɗaɗi ba. Littafinsa na 1979 ya ja hankalin likitoci ƙwarai, ko da yake shaidar mutum ɗaya ce, kuma yana shan bitamin C mai yawa a lokacin.

Bayan haka masana suka shiga aunawa. A 1989 Lee Berk na Jami'ar Loma Linda ya ba da rahoton cewa kotisol, sinadarin da jiki ke saki cikin jini idan hankali ya tashi, ya ragu a jinin waɗanda suka kalli fim na ban dariya. Robin Dunbar na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa sun gano cewa mutanen da suka yi dariya tare sun fi jure zafi bayan haka, suka danganta wannan da endofin, maganin raɗaɗi da ƙwaƙwalwa ke yi da kanta. A kan yogar dariyar kuwa, wani gwaji da aka buga a 2011 a kan tsofaffin mata masu ciwon damuwa a Tehran ya nuna ta sassauta musu kamar yadda motsa jiki a cikin jama'a ya yi.

To, a nan ne fa ya kamata mai karatu ya yi hattara. Yawancin gwaje-gwajen nan a kan mutane kaɗan aka yi su, na ɗan gajeren lokaci. Bugu da ƙari, ba dama a ɓoye wa mutum cewa dariya ake sa shi, kamar yadda ake ɓoye ƙwayar gaske a cikin ta bogi. Har ila yau, wanda ya fito da asuba, ya shaƙi iska, ya motsa gaɓoɓi, ya sadu da abokai, wa zai iya tantance rabon dariya a cikin sauƙin da ya samu? Ga tsohon da kaɗaici ya dama, mai yiwuwa taron shi ne rabin maganin. Masu cewa dariya tana rage ƙiba kuma sun zarce gona da iri: binciken Jami'ar Vanderbilt ya nuna dariyar minti 10 zuwa 15 ba ta ƙone abin da ya wuce kalori 40, wanda bai kai na rabin kwalbar lemo ba.

Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne tana rage ƙuncin zuciya na ɗan lokaci, ba ta cin ko kwabo, kuma haɗarinta kaɗan ne. Amma mai hawan jini ko ciwon sukari da ya ajiye ƙwayoyinsa domin ya shiga ƙungiyar dariya, ya sa ransa cikin hatsari. Haka nan mai ciwon damuwa mai tsanani, asibiti ne wurinsa. Su kansu malaman abin suna gargaɗin mai ƙaba, da mai ciwon zuciya, da wanda aka yi wa fiɗa kwanan nan, da mace mai tsohon ciki, su nemi izinin likita tukuna, gama dariya mai ƙarfi tana matsa ciki da ƙirji.

Maƙwabta ma suna da nasu hakkin. A 2012 wani dattijo a Mumbai ya kai ƙara babbar kotun birnin, cewa masu dariyar asuba a ƙofar gidansa sun hana iyalinsa sakat, kotu kuwa ta umurci 'yan sanda su duba kukansa.