Oba-oba a cikin tirelar shanu: abin da ya kamata ku duba kafin ku saya

'Yan'uwa mazauna Kudu, kun san yadda hankali ke tashi idan mota ta taso daga Bauchi da shanu, ta wuce Jos, wayar direba ta ƙi shiga. Mu nan gida ba barci, ku ma a Lokpanta ko Agege haka. Shi ya sa babana ya sa ni binciken rediyon oba-oba.

Wanda direbobin Amurka ke amfani da shi sunansa CB, tasha 40 gare shi, galibi a ta 19 suke hira. Ba ruwansa da kati ko netwok. Amma fa kada a ruɗe ku, 'yan kilomitoci kaɗan yake kaiwa, a wuri mai duwatsu irin Hawan Kibo ma ya ragu. Ba zai haɗa ni da ku ba. Amfaninsa motocin da suka jero tare: na gaba ya ga shinge ko hatsari, ya sanar da na baya.

Wajen ɗaurawa, yawancin rediyon wutar bolt 12 yake sha, tirela kuwa 24 ce. In ba a sa na'urar rage wuta ba, nan take zai ƙone. Mu dai mun yi asarar ɗaya. Eriya kuma a kafa ta sama, jikin ƙarfen kan mota, ba bayan bodi ba.

Sai maganar izini. A nemi takardar gwamnati tukuna, domin a wannan zamani jami'in tsaro ya ga oba-oba hannunka ba takarda, kafin ka gama bayani shanu sun galabaita a rana.