Zafin ɗaki daga sama yake saukowa

Duk wanda ya kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a Kano ko Sakkwato cikin Afrilu ya san abin da ake kira bazara. Ƙarfe 11 na dare ka dafa bango ka ji shi da ɗumi kamar an sauke tukunya, fanka kuma iskar wuta kawai take juyawa. Sai maigida ya fara lissafin sayen AC ko ƙara batirin sola, alhali matsalar tana bisa kansa.

Kwano ne babban mai laifi. Rana ta doke shi tun hantsi, ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ya juye zafin cikin ɗaki, bulon siminti kuma ya adana shi har tsakar dare. Kakanninmu da suka yi soro da tubali da azara sun tsira daga wannan, domin kaurin ƙasa yana jinkirta zafi. Ba cewa ake yi a rushe gida a koma ginin ƙasa ba. Gidan da ake ciki ake gyarawa, kuma daga sama ake farawa.

Ɗakin da ba shi da silin, a sa masa. Mai silin kuma a duba ko iska tana da mafita tsakaninsa da kwano. Galibin kafintoci toshe wurin suke yi ruf, zafi ya taru ya rasa hanyar fita. Ƙananan ƙofofin iska a ɓangarori biyu, a sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye, suna kawo sauƙin da za a ji a jiki. Sannan launi: farin rufi yana mayar da hasken rana, mai duhu yana shanye shi. Birnin Ahmedabad na Indiya ya daɗe yana shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti saboda haka. Mu kuwa yayin kwano baƙi da ruwan ƙasa muke yi, wai ya fi kyau a ido. Ƙurar hunturu tana dusashe fenti, don haka sai an riƙa wanke shi.

Tagar da ke kallon yamma tana bukatar inuwa daga waje, rumfa ko asabari ko bishiyar darbejiya da aka dasa nesa kaɗan da tushen gini. Labulen ciki ba ya hana komai sosai, zafin ya riga ya shigo. A rufe tagogi da rana, a buɗe su da dare.

Ga batun kuɗi. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, wajen ninki uku, bayan an cire tallafin fetur a Mayun 2023. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da hasken da LED mai wat 9 ke bayarwa. AC mai doki ɗaya kuwa tana shan wutar fanka kusan goma. Wanda ya fara rage zafi da shan wuta kafin ya kira mai haɗa sola, batir da faranti kaɗan za su ishe shi. Ko ɗan haya yana iya sauya ƙwai da rataya asabari ba tare da jiran mai gida ba.

Sai dai a yi hattara. Tsofaffin gidaje da yawa silin ɗinsu na asbestos ne. Idan lafiyarsa ƙalau, a bar shi, a shafe shi da fenti. Fasa shi ko yanka shi da zarto yana tayar da ƙurar da ke maƙalewa a huhu, ta haifar da cutar daji bayan shekaru masu yawa. In cirewa ta zama dole, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi ba tare da an karya ba, a fitar da yara daga gidan, kada kuma a bari su yi wasa da ɓaraguzan. Masu cusa soso ko leda a saman silin don tare zafi su tuna cewa wayoyin wuta ta nan suka bi, tartsatsi ɗaya ya isa. A kira mai gyaran wuta ya duba wayoyin tukuna, kuma a yi aikin cikin hunturu, lokacin da kafinta zai iya hawa kwano ba tare da ya ƙone ba.