Daga Laulayi Zuwa Yaye: Ɗawainiyar Ciki da Renon Yara a Bodinga da Shagari

Bodinga da Shagari ƙananan hukumomi biyu ne daga cikin 23 da ke jihar Sakkwato, suna kudu da birnin Sakkwato a kan babbar hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega, kuma ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Bodinga mutum kimanin 175,000, ta ba Shagari kimanin 156,000. An fi sanin yankin ta fuskar tarihi, domin a Sifawa ta ƙasar Bodinga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma garin Shagari ne mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Najeriya daga 1979 zuwa 1983. Sai dai akwai wani aiki da ake yi a kowane gida na yankin dare da rana ba tare da an rubuta tarihinsa ba, wato ɗaukar ciki da haihuwa da renon yaro har ya yi wayo, kuma mafi yawan asarar rayukan da ake yi a cikin wannan aiki ba daga baƙin cututtuka take zuwa ba, daga abubuwan yau da kullum take zuwa, waɗanda sabo ya sa ake ɗaukar su ba a bakin komai ba.

Laulayi da awo

Ciki yakan fara bayyana da laulayi, wato tashin zuciya da amai da kasala da yawan tofar da yawu da ke damun mace a watanni uku na farko, tare da kwaɗayin wani abinci da ƙyamar wani, kuma mafi yawan wannan yakan lafa da kansa idan ciki ya shiga wata na huɗu. Wahalar ita ce, a ƙauyukan yankin mai ciki ba ta samun sauƙin aiki saboda laulayi, domin daka da surfe da girki da wanki da kula da yaran da ke ƙasa duk suna nan suna jiran ta, ga kuma kunya, musamman a cikin fari, wadda takan sa ta ɓoye halin da take ciki har sai ciki ya fito fili.

Wannan ɓoyon yana jinkirta awo, wato zuwa asibiti a kai a kai don a duba lafiyar uwa da abin da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin ta sauka, ganin farko kuma ya kasance cikin watanni ukun farko, amma babban binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa a jihar Sakkwato kimanin mace ɗaya cikin huɗu ce kawai ta sami awo a hannun ƙwararre. Abin da ake yi a wurin awo ba mai tsada ba ne: ana gwada hawan jini, ana duba yawan jini da fitsari, ana ba da ƙwayoyin ƙarin jini da ake sha kullum, ana yin allurar rigakafin sandarewar wuya, wato tetanus, sannan daga wata na huɗu ana ba da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda jama'a suka fi sani da fansida, sau uku ko fiye, da tazarar wata guda tsakani.

Babban amfanin awo shi ne raba laulayi na al'ada da alamun haɗari, domin a ido suna kama da juna. Kumburin ƙafa kaɗan da yamma abu ne da aka saba gani, amma kumburin fuska da hannuwa haɗe da ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi alama ce ta hawan jinin masu ciki, wanda yakan kai ga jijjiga, wato suma da taune-taune da ake yawan dangantawa da iskoki alhali magani yana nan a asibiti. Haka nan zubar jini komai ƙanƙantarsa, da zazzaɓi mai zafi, da fashewar faya kafin lokaci, da daina motsin ɗa, ba abubuwa ba ne da ake kwana da su a gida.

Goyon ciki da naƙuda

Al'ada ta tanadar wa mai cikin fari gata mai kyau da ake kira goyon ciki, inda takan koma gidan iyayenta idan ciki ya kai wata bakwai, ta zauna ƙarƙashin kulawar mahaifiyarta har ta haihu ta gama wanka. Idan naƙuda ta zo, a ɗaki ake haihuwa, wani lokaci mace ita kaɗai saboda ana ganin juriya da yin shiru alamar mutunci ne, sai bayan ɗa ya faɗo a kira ungozoma, wato tsohuwar da ta gaji yanke cibi da binne mabiya da wanke jariri. Binciken 2018 ya nuna cewa matan jihar da suka haihu a asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Haihuwar gida takan zo da sauƙi sau da yawa, wannan kuwa shi ke sa a sakankance, amma abubuwa biyu sukan juya ta cikin sa'o'i kaɗan. Na farko shi ne zubar jini bayan haihuwa, wanda zai iya kashe mace mai lafiya cikin sa'a biyu, balle wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini. Na biyu shi ne doguwar naƙuda, inda kan ɗa yakan tokare ya matse mafitsara har naman wurin ya mutu, a ƙarshe a rasa ɗan, uwa kuma ta kamu da yoyon fitsari, cutar da ake yi wa aiki a asibitin mata da yara na Maryam Abacha da ke Sakkwato. Yankan gishiri, wato tsagar da wasu ungozomomi ke yi a gaban mace da nufin buɗe hanya, ba ya buɗe ta, shi ma yana jawo yoyon. Naƙudar da ta wuce sa'a goma sha biyu ta asibiti ce, daga ɗakin shan magani na ƙauye zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma, idan ta faskara kuma a wuce Sakkwato, inda asibitin ƙwararru da asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suke.

Ganin cewa haihuwar gida ba za ta kau a rana ɗaya ba, gwamnatin jihar ta fara a 2013 raba magunguna biyu ta hannun mutanen da aka horar a mazaɓu 244 na jihar. Ɗaya shi ne misofrostol, ƙwayoyi uku da mace ke sha da zarar ɗa ya fito domin mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, ɗayan kuma klohesidin, man da ake shafawa a cibiyar jariri kaɗai, ba a kusantar da shi ido, domin ya maye gurbin toka da man shanu da man goge baki da kan shigar da ƙwayoyin cuta. Sakkwato ce jihar farko a Najeriya da ta yi wannan a faɗin ƙasarta.

Kwana arba'in na jego

Jego shi ne kwana arba'in da ke biyo bayan haihuwa, kuma hikimar da ke cikinsa a fili take, domin yana ɗauke wa mace aikin gida, yana tara mata 'yan uwa, yana kuma wajabta wa miji ciyar da ita da nama da ƙauri, wato dafaffun ƙafafun sa da kayan yaji. A rana ta bakwai ake raɗa suna a yanka rago, wanzami ya yi aski. Abin da likitoci suka daɗe suna jan hankali a kansa shi ne wasu ɓangarori na al'adar: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma ana fyaɗa shi a jiki da ganye, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa mai yawa. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawaitar ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da gishirin da ke cikin kanwa, wanda ke tara ruwa a jiki, da kuma zafin da ke ƙara wa zuciya aiki. Binciken baya-bayan nan, musamman na Kano, ya nuna cewa hawan jinin ciki da rama da ƙarancin abinci mai gina jiki suna da babban hannu a ciwon, don haka maganar ta wuce ta wanka kawai. Duk da haka ruwa mai ɗumi ya wadatar, kanwa kuma a rage ta, sannan mai jegon da ke haki da kumburi da tari idan ta kwanta a kai ta asibiti, kada a ce sanyi ne ya kama ta a ƙara mata wuta.

Shi ma jariri yana da nasa rabon daga al'ada. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya, wanda wasu ke matsewa su zubar da zaton gurɓatacce ne, shi ne mafi ƙarfin kariya da yaro ke samu a kwanakinsa na farko. Cire beli kuwa, wato yanke ɗan naman da ke rataye a ganda, ba ya hana wata cuta, yana dai iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta.

Reno yana bin yanayin shekara

Shawarar masana ita ce nono zalla har wata shida, ba ruwa ba tsimi, abin da kan yi wa iyaye wuyar karɓa a yankin da zafin bazara ke haura digiri 40, alhali mafi yawan nonon uwa ruwa ne, kuma uwar ce ya kamata ta ƙara shan ruwa. Daga wata shida ake fara kunu, a nan kuma ake yawan samun tangarɗa, domin tsinkakken kunun gero yana cika ciki ba tare da gina jiki ba, sai an ƙara masa gyaɗa ko wake ko waken suya ko madara, a haɗa da ƙwai da ganyen zogale, waɗanda duk ana samun su a kasuwannin ƙauye. Lokacin fitar haƙori yana zuwa daidai da lokacin rarrafe da kai komai baki, saboda haka gudawar da ake ɗora wa haƙori ta ƙazanta ce, maganinta ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, kuma faɗawar maɗiga alama ce ta ƙarewar ruwa a jiki.

Damina ce mafi tsanani, domin a tsakiyarta rumbu yake yin ƙasa kafin gero ya nuna, a lokacin ne kuma sauro yake yawaita a fadamu da kewayen madatsar ruwa ta Shagari, sai yunwa da zazzaɓi su haɗu a kan yaro ɗaya. Saboda haka ne tun 2015 ake bi gida-gida a jihar ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin kariya daga zazzaɓi sau ɗaya a wata, tsawon watanni huɗu na damina. Rigakafi kuwa yana da ranakunsa: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, sai wata 15 don allurar ƙyanda ta biyu. A 2018 yara biyar ne kacal cikin ɗari a jihar suka kammala alluran asali, adadi mafi ƙanƙanta a Najeriya, yayin da fiye da rabin yaran jihar suka tsumbure saboda ƙarancin abinci.

Yaye shi ne gaɓa ta ƙarshe, kuma Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, tsawon da ya yi daidai da hutun da likitoci ke so mace ta samu kafin wani ciki. Idan aka yi kwanika, wato ciki ya shiga alhali ana goyo, akan yaye yaro rana ɗaya a kai shi wurin kaka, sai ya rasa nono da uwa lokaci guda, daga nan tamowa takan biyo baya, wato rama ko kumburin da yunwa ke kawowa. A kan irin waɗannan yara, musamman bayan ƙyanda, cutar noma take faɗawa, wadda ke farawa da gyambon dasashi ta cinye kunci cikin kwanaki, kuma Sakkwato tana da asibiti na musamman dominta tun 1999.

Mai yanke shawara

Duk abin da aka lissafa yana komawa ga tambaya ɗaya: wa ke cewa a tafi asibiti, kuma yaushe? A mafi yawan gidajen Bodinga da Shagari wannan magana tana hannun maigida da mahaifiyarsa, kuma da rani magidanta da yawa sukan tafi cin rani, su bar mata ba izini ba kuɗin mota. Wajibi ne maigida ya ba da izinin fita awo da haihuwa tun ciki yana ƙarami, ya ware kuɗi, ya san mai abin hawan da za a kira ko da tsakar dare, ya kuma san wanda zai ba da jini idan an buƙata. Surukai da ungozomomi su riƙe gatan goyon ciki da jego su sauke abin da ke cutarwa, malamai da hakimai su faɗi haka a masallatai da wuraren suna, hukuma kuma ta tabbata cewa matar da ta amsa kira ta isa asibiti ta tarar da ma'aikaci da magani.