Tawada ko Gumi: Kayan Yankees na 1927 a Kasuwar Gwanjo

A wajen masu tara tsofaffin kayan wasan besbol a Amurka, babu kakar da ake rububin kayanta kamar ta 1927. A shekarar ce New York Yankees ta ci wasa 110, aka ci ta 44, ta ba Philadelphia Athletics da ke biye da ita tazarar wasa 19, sannan ta doke Pittsburgh Pirates sau huɗu a jere ta ɗauke kofin World Series. Babe Ruth ya doka ƙwallo ta tsallake shingen fili sau 60, bajintar da ba a wuce ta ba sai a 1961, Lou Gehrig kuma ya yi 47. Duk abin da hannun waɗannan mutane ya taɓa ya zama dukiya. Sai dai masu sayen sun kasu gida biyu. Wasu ƙwallon da 'yan ƙungiya suka rattaba wa hannu suke nema. Wasu kuwa ba sa kallon komai sai abin da ya shiga fili ya yi aiki, wato sandar bugu ko rigar wasa.

Ƙwallon mai sa hannu tana da abin da babu sandar da za ta iya ba ka: ƙungiyar ce gaba ɗaya a tafin hannunka. Ka juya ta nan ka ga Gehrig, ka juya can ka ga Tony Lazzeri da Earle Combs, ga masu jifa Waite Hoyt da Herb Pennock, in an yi dace har da kocinsu Miller Huggins. Ruth kan ɗauki wurin da ɗinkin fatar ya matse, inda sa hannu ke fitowa shi kaɗai a tsakiya. Da ma ƙarfin Yankees na wannan shekara ba na mutum ɗaya ba ne, jerin masu bugu ne da mai jifa ba ya samun inda zai huta a cikinsu, don haka abin da ya tara sunayen wuri guda ya fi kusa da gaskiyar kakar. (Ka karanta sunayen kaf, ba za ka ga baƙar fata ko ɗaya ba. Sai a 1947 Jackie Robinson ya karya wannan shinge a Brooklyn, kuma ƙwallon tana ba da wannan shaida ko da mai ita bai nema ba.)

Yadda ake gane shekararta ma abin sha'awa ne. Ƙwallon gasar American League ta lokacin ɗinkinta ja da shuɗi ne, tana ɗauke da hatimin shugaban gasar, kuma a 1927 ne Ban Johnson ya sauka Ernest Barnard ya hau. Daga nan sai masana su bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Abin dariya, wanda suka fi nema ba Ruth ba ne, wani mai jifa ne Joe Giard wanda kusan ba wanda ke tuna shi. Kakar nan kaɗai ya yi a Yankees, saboda haka ganin sunansa na nuna ba ƙwallon 1926 ko ta 1928 ce ake son shigar maka da ita ba. Mai jifa Urban Shocker kuma ya rasu a 1928, Huggins a 1929, sai sa hannunsu ya ƙara wuya.

Raunin ƙwallon a tawada yake. Alƙalamin da aka yi rubutun da shi na tsomawa ne ko na ɗura, hasken rana yana cinye shi a hankali. Iyalai da yawa, don son adanawa, sun shafa wa ƙwallon man ƙyalli irin na katako, ya bushe ya mai da ita ruwan ƙasa. Wasu da suka ga suna yana dusashewa sai suka bi kansa da sabon alƙalami, ba su san sun kashe darajarta ba. Ga kuma tsohuwar al'adar ɗakin sauya kaya, inda ma'aikaci kan sa hannu a madadin ɗan wasan da ya gaji ko ya riga ya tafi. Ƙwallo ɗaya sai ta zo da sunaye ashirin na gaske da biyu na aro. Sannan ga jabu na ganganci. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta bankaɗo gungun masu ƙirƙirar sa hannu a binciken da ta kira Operation Bullpen, kuma sunan Ruth na cikin waɗanda suka ƙware a kai. Shi ya sa yau ba a cinikin kirki sai da takardar kamfanonin tantancewa irin su PSA ko JSA. To amma ita ma takardar ra'ayin gwani ce kawai, ba shi ya ga lokacin da aka yi rubutun ba.

Sanda ba ta da yawan baki, amma jikinta na magana. A gidan tarihin Louisville Slugger da ke jihar Kentucky akwai wata sandar Ruth ta 1927 mai tsaga 21 kewaye da hatimin kamfani, kowace tsaga ƙwallo ɗaya ce da ya doka da sandar ta tsallake shinge. Mutum ya zauna da wuƙa bayan wasa yana ƙidaya aikinsa a jikin itace, kamar yadda maharbi ke barin alama a kwarinsa. Babu sa hannun da zai kawo ka kusa da mutum haka. Kamfanin Hillerich & Bradsby da ke sassaƙa sandunan yana da kundin odar 'yan wasa, da tsawo da nauyi, kuma in ɗan wasa ya mayar da sanda don a yi masa irinta, ma'aikata kan rubuta sunansa da kwanan wata a gefenta. Mai bincike yana da abin riƙewa: kundi, nauyi, tabon ƙwallo a gefen da mutumin ya saba bugu da shi. Sandar da Ruth ya yi bugun farko na tsallake shinge a Yankee Stadium ranar buɗe shi a 1923 an sayar da ita fiye da dala miliyan 1.2 a 2004. Ita kuwa wadda ya yi bugu na 60 da ita ranar 30 ga Satumba, 1927, a kan Tom Zachary na Washington, tana gidan tarihin Cooperstown, ta fi ƙarfin gwanjo.

Riga ta fi sanda wuyar samu. Ba a ɗauke ta abin tarihi ba a lokacin, kayan aiki ce ta ulu mai kauri da ake miƙa wa ƙananan ƙungiyoyi su ƙarasa ta in kaka ta ƙare. Kuma a 1927 babu lamba a bayanta, sai a 1929 Yankees ta fara, Ruth ya sami 3, Gehrig 4, bisa jerin shigarsu bugu. Duk wanda ya kawo maka rigar 1927 da lamba a baya, ka san inda ya dosa.

In ni za a tambaya, sanda da riga sun rinjayi ƙwallo, ba don tsada ba. Ruth mutum ne mai sakin hannu, ya sa hannu ga yara a asibiti, a tashar jirgin ƙasa, a bakin fili, har ƙarshen rayuwarsa a 1948. Sa hannu shaida ce cewa wani ya tsaya gabansa na ɗan lokaci. Tabon da ke jikin sanda kuwa wasan ne da kansa ya bar shi. Na yarda cewa mai sanda mutum ɗaya ya saya, mai ƙwallo kuwa ƙungiya, kuma ga wanda Lazzeri da Combs ke burge shi wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Na kuma yarda cewa ƙwallo ce mai matsakaicin ƙarfi zai iya mafarkinta, in ta dusashe ko wasu sunaye sun ɓace.

Abin da ya ƙara wa kayan aiki ƙarfi a shekarun nan shi ne gwada su da tsofaffin hotuna. Ana faɗaɗa hoton jarida a kwamfuta, a duba inda maɓalli ya zauna a kan harafi, ko zaren da ya zare, ko zanen itacen sanda, a ga ko sun yi daidai da abin da ke kan tebur. Ƙwallon da aka rubuta a ɗaki da wuya ta sami hoton da zai tsaya mata. Rigar Ruth ta World Series na 1932, ba ta 1927 ba amma kasuwarsu ɗaya, an saye ta dala 940,000 a 2005. Bayan da wasu masu gwajin hoto suka ce ita ce ya sa a wasa na uku da Chicago Cubs, wasan da ake cewa ya nuna inda zai aika ƙwallo kafin ya buga, Heritage Auctions ta sayar da ita dala miliyan 24.12 a Agustan 2024. Wani kamfanin gwajin ya duba hotunan ya ƙi amincewa, amma hakan bai hana masu tayi ba.